Biki, Situdiyo, Jarida ko Hoton Haja: Wace Hanya Mai Ɗaukar Hoto Zai Kama?

Bayan shekara biyu ko uku da fara riƙe kyamara, kusan kowa yakan iso wata mararraba. Ka gama zaman yaron shago, kana saita haske ba tare da ka saci kallon fuskar maigida ba, an fara kiran lambarka kai tsaye, kuma ka tara ɗan abin da zai iya tayar da wani abu idan ba a watsa shi ba. Sai shawarwari su yi maka yawa. Wannan ya ce ka kama shago, wancan ya ce kuɗi yana wajen biki, zuciyarka kuma tana can wajen hotunan hawan Sallah da kake gani a manyan jaridu. Da kai nake, ƙanena, da ke ƙanwata da kika shigo sana'ar nan da mutane suka daɗe suna ɗauka ta maza ce.

Hanyoyi huɗu ne a gabanmu: hoton biki, situdiyo, aikin jarida da adana tarihi, sai hoton hajar 'yan kasuwa. Ba wanda aka ɗaure a kan guda ɗaya, amma jarin da ke hannunka ba zai ɗauki huɗun a lokaci guda ba, dole a san wadda za a sa a gaba.

Ma'aunin da za mu yi awo da shi

Na farko jari. Ba kuɗin kyamara kaɗai ba, har da abin da hanyar take ci duk wata ko an yi aiki ko ba a yi ba. Na biyu ɗorewa, ta sana'ar da ta kayan aikin: shin bayan shekara goma za a ci gaba da neman wannan hoton, kuma kayan za su kai? Na uku sauƙin shiga, wato wa ke riƙe da ƙofar. Na huɗu haɗari, kuma iri uku ne: na dukiya, na suna, na rai. Akwai na biyar da ba a cika faɗa ba, shi ne inda hanyar take kai mutum idan gwiwa ta fara ciwo, domin ba wanda zai yi ta tsalle a gaban amarya har ya shekara sittin.

Magana ɗaya game da farashi. Kayan hoto dukansu da dala ake shigo da su. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati take sayarwa a kan kusan Naira 460 ta haura 1,500 cikin 2024, don haka duk farashin da na rubuta da Naira zai tsufa kafin ka gama karantawa. Ga dai ma'auni: Sony A7 III ta fito a 2018 a kan dala 2,000, Canon R6 ta fito a 2020 a kan dala 2,500, ba tare da lensi ba. Shi ya sa yawancinmu na hannu muke saye, irin su Canon 5D Mark III ta 2012 ko Nikon D750 ta 2014. Kamfanonin sun gwada makullin hasken waɗannan biyun, wato ƙofar da ke buɗewa ta rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto, a kan ƙyastawa 150,000. Kafin ka biya, sa a duba maka nawa aka riga aka ƙyasta, kamar yadda ake duba tafiyar mota.

Hoton biki

Nan ne kuɗi yake fara shigowa da wuri, kuma dalilin a fili yake. Bikinmu ba yini ɗaya ba ne. Akwai hotunan kafin aure, kamu, sa lalle, ɗaurin aure, yini, walima, dina, kai amarya, wani gidan har da buɗar kai. Ciniki ɗaya yakan ba ka aikin kwana uku zuwa biyar, kuma kowane taro cike yake da waɗanda za su yi nasu auren baɗi. Ba tallan da ya kai wannan.

Sai dai jarinsa ya fi yadda ake zato. Kyamara ɗaya ba ta isa ba, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi. Kana buƙatar ta biyu ko da ta aro ce, da lensi mai zuƙowa irin 24-70 da wani mai buɗewa sosai irin 50 ko 85 saboda duhun zaure da ɗakunan taro, da filashi biyu, da batura, da kwamfutar da za ta iya tace hoto dubu biyu ba tare da ta sume ba. Abin da ba na sassautawa a kai shi ne kyamara mai ramin mimori biyu, wadda take rubuta kowane hoto a wuri biyu. 5D Mark III da D750 da A7 III suna da shi. Canon 6D da 6D Mark II da RP ba su da shi, duk da arharsu mai jan hankali. Na taɓa dawowa daga wani ɗaurin aure mimori ya ƙi buɗewa. An ceto wasu, amma hoton mahaifin amarya yana karɓar gaisuwa bai dawo ba, kuma dattijon bai shekara ba ya rasu. Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar ban ƙara fita biki da kyamara mai rami ɗaya ba.

Ta fuskar ɗorewa, aure ba zai ƙare ba, amma kayan aiki suna ƙarewa da sauri a wannan hanyar. Yi lissafi da kanka: idan kana ƙyasta 2,500 a biki ɗaya, biki 60 ya cinye ƙyastawa 150,000. Ga ƙurar hunturu da ke shiga sensa, wato idon kyamara na ciki, duk lokacin da ka canza lensi a fili, ga zafin Afrilu da ke cin batir. Mai hankali yana cire kuɗin kyamara ta gaba daga kowane aiki, ya ajiye shi daban. Kuma aikin na kaka ne: cunkoso a Rajab da Sha'aban, shiru a watan azumi, cunkoso bayan Sallah da ƙarshen shekara.

Shiga ba wuya, a nan ma matsalar take. Duk wanda ya sayi kyamara jiya abokin takararka ne, kuma zai karya farashi. Abin da ke raba ka da shi ba kaifin hoto ba ne kaɗai, cika alkawari ne: ka ce mako biyu, ka kawo a mako biyu. Ke kuma ƙanwata, kina da ƙofar da ba ta buɗuwa ga namiji. Gidaje da yawa ba sa son namiji a wajen kamu da lalle da ɗakin amarya, kuma a shirye suke su biya mace da ta iya aiki. Wannan kasuwa ce da har yanzu masu ita ba su cika ba.

Haɗarin biki na suna ne da na bashi. Karɓi kafin alƙalami mai kauri, kar ka saki albam sai an cika ciko, kuma a rubuta yarjejeniya ko da a saƙon waya ne. Sannan kar ka ɗora hoton matar mutane a Instagram ba da izini ba. Ban da abin da al'ada da addini suka ce, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin gidansa damar hana a yaɗa shi, sai in an yi wata yarjejeniya daban. Hoto ɗaya da ya fita ba bisa ƙa'ida ba yana iya rufe maka unguwa guda.

Situdiyo

Ita ce burin da ya fi daɗin faɗa, sunanka a allo, kujerarka, yaranka. Ita ce kuma na fi jin tsoro wa mai farawa. Hayar shekara a biya gaba ɗaya, gyaran ɗaki, labulen baya kala-kala, fitilu uku ko huɗu, na'urar sanyaya ɗaki domin kwalliya ba ta jure gumi, firinta, sannan wuta. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, janareta ya zama abokin tarayya da ke karɓar kasonsa kafin kowa. Sola tana magance wannan, amma ita ma wani jarin ce mai zaman kanta.

Da can hoton fasfo ne yake riƙe da shago, kullum ana samun na cefane. Yanzu masu NIN da JAMB da fasfo na fita waje duk a wurinsu suke ɗaukar fuskar mutum, waya kuma ta ɗauke hoton “zo mu je mu ɗauki hoto” na yau da kullum. Abin da ya rage wa situdiyo shi ne abin da waya ba ta iyawa: hoton iyali na Sallah, jarirai, murnar kammala makaranta, hotunan kafin aure, hoton 'yan takara a kakar zaɓe, da hayar ɗakin ga masu bidiyo. Duk waɗannan suna zuwa ne ga wanda aka riga aka sani. Shago ba ya kawo suna, suna ne ke cika shago.

Amma a yi mata adalci. Kayan situdiyo sun fi na kowa daɗewa, ba rana ba ƙura ba turereniya, kyamara tsohuwa ma tana ba da hoto mai kyau idan haske a hannunka yake. Haɗarin rai babu, kana kwana a gida. Kuma ita ce hanya ɗaya tilo da take iya tafiya ba ka nan, wadda za ka iya bar wa yaran da ka koyar. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe tasa a 1948, Malick Sidibé ya biyo baya, suna ɗaukar mutanen unguwa da kekunansu da rediyonsu. Duniya ba ta waiwaye su ba sai a shekarun 1990, har Sidibé ya karɓi kyautar Zakin Zinare ta baje kolin fasaha na Venice a 2007. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne sun adana fim ɗin da ake wanke hotunansu daga jikinsa cikin tsari, shekara da shekaru. Mu kuwa mukan goge aikin bara don mu sami wurin na bana.

Jarida da adana tarihi

Idan na faɗi gaskiya, nan zuciyata take, don haka ka auna maganata da wannan sanin. Ita ce hanyar da take fitar da suna waje. Akintunde Akinleye, yana aiki da Reuters, ya ɗauki hoton fashewar bututun mai a Abule Egba ta Legas a Disambar 2006, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ci kyautar World Press Photo a 2007. Fati Abubakar, wadda aikin jinya ta karanta, ta fara Bits of Borno a 2015, tana nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki a Maiduguri lokacin da duniya ba ta jin komai daga can sai bam, kuma aikin ya kai manyan jaridun duniya. A Kano, Sani Maikatanga ya shafe shekaru yana bin hawa da rayuwar birni. Bayo Omoboriowo kuma ya bi wani reshe daban, ya zama mai ɗaukar hoton Shugaba Buhari daga 2015. Ka lura, ba wanda kyamararsa ce ta ɗaga shi. Kowannensu yana tsaye ne a wurin da ya sani fiye da baƙo.

Wannan ita ce damarmu. Rini a Ƙofar Mata, su a Argungu, kasuwar raƙuma, dambe da kokawa, makarantun allo, ambaliyar Haɗeja, hawan Daushe da na Nasarawa, ga UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Baƙo zai zo kwana uku da tafinta, kai kuwa da harshenka za ka yi sallama a ba ka tabarma.

Jarin kayan aiki ba shi da nauyi: kyamara ɗaya mai jure wahala, lensi 35 ko 24-70, sai mai dogon zango irin 70-200 idan hali ya yi. Jarin gaske lokaci ne da kuɗin mota, da iya rubuta bayanin hoto daidai, suna da wuri da rana, da Turanci ko Faransanci, domin editan da ke Legas ko Dakar ko Landan ba zai sayi hoton da bai san waye a ciki ba.

Shiga ita ce mafi wuya a cikin huɗun. Kamfanonin dillancin labarai irin su AFP da Reuters da AP suna aiki da masu zaman kansu da ake biya aiki-aiki, amma mutum ɗaya ko biyu suke riƙewa a yanki, kuma sai labari ya tashi ake kira. Ƙungiyoyin agaji sun daɗe suna ba da aiki a arewa maso gabas, sai ga shi rufe hukumar agaji ta Amurka, USAID, a 2025 ya tsuke wannan ƙofar. Hawan ma ba tabbas: an fasa a 2020 saboda korona, an kuma dakatar da na Kano a wasu Sallolin 2024 da 2025 saboda rikicin masarauta. Wanda ya dogara da kaka ɗaya ya sha wuya a waɗannan shekarun. Akwai tallafi da baje koli, irin su taron hoto na Bamako da ake yi tun 1994 da LagosPhoto da aka fara a 2010, amma nema ake yi, a ƙi ka sau goma kafin a karɓa sau ɗaya.

Haɗarinta kuwa na rai ne. Hanyoyin da ba a bi bayan la'asar, zanga-zanga, jami'in da bai yarda da katinka ba, taron da zai iya juyowa kanka. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi ma ba a tayar da shi haka kawai, yana buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama da tantancewar tsaro. Akwai kuma nauyin amana: yaron da ke sansanin gudun hijira ba kayan ado ba ne, sai da yardar iyayensa, kuma a yanayin da shi ma ba zai ji kunyar gani ba idan ya girma.

Hoton haja

Wannan ce ake rainawa, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da mai ƙaramin jari. Dubi yawan masu sayar da atamfa da leshi da shadda daga Kantin Kwari ta WhatsApp, masu turaren wuta da humra, masu kek da abincin biki, masu takalma da jakunkunan fata, masu ɗinki da huluna. Dukansu da hoto suke ciniki, kuma yawancin hotunan a kan gado ake ɗaukarsu da hasken kwan lantarki. Kukan da suka fi yi ɗaya ne: kaya ya isa hannun mai saye ya ce ba kalar da ya gani ba ke nan. Wanda ya iya fitar da kalar shadda yadda take, da ƙyallinta, ya warware musu matsalar da ke cin kuɗinsu.

Teburi ɗaya, fitila ɗaya mai laushin haske ko ma taga mai kyau, farin kwali, ƙafar kyamara, da lensi 50 wanda sabonsa na Canon bai wuce dala 125 ba lokacin da ya fito a 2015. A ɗakinka za ka fara. Kyamara ba ta wahala, ba dare, ba tafiya. Kuɗin kowane aiki kaɗan ne, amma yana maimaituwa, domin sabon kaya yana sauka duk mako, kuma ana iya ƙulla yarjejeniyar wata-wata. Ba ruwanta da azumi, lokacin ma kasuwar kayan Sallah take tashi.

Rauninta biyu. Wayoyi suna ƙara kyau, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna goge baya su sa wani cikin daƙiƙa, don haka ƙaramin aiki zai ci gaba da arha. Sannan ba ta da tafi, ba wanda zai san sunanka a gari. Girma a nan shi ne hawa daga mai shago zuwa otal, masu gine-gine, makarantu da kamfanoni, su kuwa ba sa biyan mutum sai yana da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar haraji da asusun banki na kasuwanci, kuma sukan ja lokaci kafin su biya.

| Hanya | Jari | Ɗorewa | Sauƙin shiga | Babban haɗari | Shigowar kuɗi |
|---|---|---|---|---|---|
| Biki | Matsakaici zuwa babba | Kasuwa tabbatacciya, kaya na saurin gajiya | Da sauƙi, takara da zafi | Asarar hoto, bashi, ɓacin suna | Da wuri, amma kaka-kaka |
| Situdiyo | Mafi girma, da kashewa duk wata | Kaya na daɗewa, ana iya gadonta | Kuɗi ne ƙofar | Haya da wuta ba ciniki | A hankali |
| Jarida da tarihi | Kaɗan a kaya, babba a lokaci | Hoton na ƙara daraja, aikin ba tabbas | Mafi wuya | Rai da lafiya | Jefi-jefi, wani lokacin da dala |
| Hoton haja | Mafi ƙanƙanta | Ƙaramin aiki na fuskantar waya | Da sauƙi | Karyewar farashi, jinkirin biya | Kaɗan-kaɗan, a kai a kai |

Wa ya dace da wace?

Idan kai ne ake jira da cefane a gida, kama biki. Ka ƙara shekara ɗaya kana bin wani gwani a matsayin na biyu idan ba ka da kyamara mai rami biyu, ka cike watannin shiru da hoton haja. Waɗannan biyun suna tafiya tare lafiya, kakar ɗaya tana rufe ramin ɗaya.

Idan ɗalibi ne kai, ko ma'aikaci mai yammaci da ƙarshen mako, ko matar aure da fita dare ba ta yi mata ba, hoton haja ne naki da naka. Fara da 'yan kasuwa uku da ka sani, ka yi musu aikin da za su nuna wa na kusa da su.

Idan kina da hanyar shiga gidajen biki ta dangi da ƙawaye, ki tsaya a ɓangaren mata ki ƙware a kai, ki ɗauki mataimakiya mace, ki sa sirrin hotunan mutane ya zama abin da aka san ki da shi.

Situdiyo ta wanda ya riga ya tara jama'a ce. Gwajin da nake ba kowa: idan a wata shida da suka wuce kana yawan hayar ɗakin wani don masu nemanka, kuma kana da kuɗin hayar shekara da na wutar wata shida a ajiye ba bashi ba, lokaci ya yi. Idan ba haka ba, ci gaba da hayar ta awa.

Wanda kuma jarida ke kiransa, ba zan hana shi ba, amma kar ya saki abin da ke ciyar da shi tukuna. Ya zaɓi batu ɗaya da ke kusa da gida, wanda kuɗin adaidaita sahu zai kai shi, ya bi shi shekara guda cur. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968 yana kan aikinsa na yau da kullum, ya tara kusan hoto dubu. Idan shekara ta cika, ya tace guda 20 mafi ƙarfi, ya rubuta bayanin kowanne, ya ajiye kwafi a ma'ajiya biyu da ba gida ɗaya suke kwana ba, sannan ya fara aika wa editoci.